Yadda zaka haɗa kujerar hutawa irin ta Denmak da katako da fata, daga zaɓen itace har ɗaure bakul

Wannan rubutun na kafintoci ne da dukawa, da kuma duk wanda ya ga hoton irin kujerun nan na mutanen Denmak na shekarun 1940 zuwa 1960 a intanet ransa ya biya yana son a yi masa. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko, irin wannan kujerar bata da wajen ɓoye aibi. Kushin ɗin da muka saba dashi idan katakon ciki ya karkace ko an cika masa ƙusa, soso da yadi zasu rufa asiri, amma ita wannan komai a fili yake, katako ne tsirara sai fata, duk inda hannunka ya kauce ido zai gani kuma jiki zai ji idan an zauna.

Masu zanen da suka yi suna a wannan fannin suna da yawa. Akwai Kaare Klint wanda ya kafa sashen koyar da zanen kayan ɗaki a makarantar fasaha ta Kopenhagen, babban birnin Denmak, a 1924, shine ya koya wa na bayansa su fara auna jikin mutum kafin su zana kujera. Akwai Hans Wegner da ya zana kujeru sama da 500, akwai Finn Juhl mai kujerar Chieftain ta 1949 wadda kafinta Niels Vodder ya haɗa, sai Børge Mogensen ɗalibin Klint. Kuma kar ka ɗauka zane kawai suke a takarda su miƙa, duk shekara daga 1927 zuwa 1966 ƙungiyar kafintocin Kopenhagen tana baje koli inda mai zane da kafinta suke haɗuwa su fito da sabon abu tare, shi yasa kujerun suka fito da hankalin mai riƙe zarto a cikinsu.

Wadda zamu bi tsarinta anan itace ta Mogensen ta 1958 da ake kira Spanish Chair, kamfanin Fredericia ke yinta har yau da itacen oak da fatar sa mai kauri. Ya samo tunaninta ne a wata tafiya da yayi Sifen inda ya ga tsofaffin kujeru masu faɗin hannu a yankunan da al'adar Musulunci ta daɗe. Na zaɓe ta ne saboda kusan duk sandunanta miƙaƙƙu ne, babu soso babu sifirin, kafinta mai kayan aiki na hannu zai iya. Ta Finn Juhl kam kar ka fara da ita, lanƙwashe-lanƙwashenta sai wanda ya daɗe a sassaƙa.

Mataki na farko: awo, da kujerar gwaji

Ita ta asalin faɗinta ya ɗan haura santimita 82, zurfinta 60, tsayinta duka 67, mazaunin kuma santimita 33 kacal daga ƙasa. Kaga ƙasa take sosai, an yi ta ne dan mutum ya baje ya miƙe ƙafa. Idan dattijo zaka yi wa ko mai ciwon gwiwa ka ɗaga mazaunin zuwa 38 ko 40, in ba haka ba tashi zai dinga basu wuya.

Daɗin zama a kusurwa yake. Mazauni ya gangara baya kamar digiri 10 zuwa 12, wato gaba ya fi baya tsayi, sannan tsakanin mazauni da majingina ya zama digiri 100 zuwa 110. Idan mazaunin ya kwanta daidai babu gangara kuma majinginar ta kwanta baya, mutum zai dinga zamewa gaba yana gyara zama duk minti biyar. Zurfin wajen zama kar ya wuce santimita 50 sosai, idan yayi yawa bakin gaba zai dinga tokare bayan gwiwa.

Toh kafin ka taɓa katako mai tsada, zana gefen kujerar da cikakken girmanta akan filawud ko babban kwali, ba ƙaramin zane a littafi ba, girmanta na gaske, domin daga wannan zanen zaka ɗauki duk kusurwar da zaka yanka. Sannan ka haɗa ta gwaji da katakon banza da sukuru, ka ɗaura buhu ko tamfol a madadin fata, ka zauna, ka kira mai kujerar shima ya zauna, a sa dogo a sa gajere. Mutane suna tsallake wannan matakin saboda suna ganin ɓata lokaci ne, alhali aikin rabin yini ne, kuma shine zai nuna maka hannun yayi sama da yawa ko majinginar tana dukan ƙashin kafaɗa tun kafin asara ta shigo.

Mataki na biyu: itace

Su can oak suka fi amfani dashi da tik (teak) da itacen gyaɗar turawa (walnut) da kuma wani jan itace na Brazil wanda tun 1992 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe saboda an kusa ƙarar dashi. Mu nan ba sai mun nemo oak ba. Tik ana shuka shi a Najeriya kuma ana samu a 'yan katako, iroko ma yana yi, maɗaci yana yi kuma jan launinsa yana shiga da fata sosai, kawo yana da ƙarfi da nauyi idan ka samu busasshe. Maɗobiya tana da kyau babu musu, amma ni shawarata a barta, saran da aka yi mata a shekarun nan dan fitarwa waje ya isa haka. Farin katako mai laushi da ake rufi dashi kuwa bai dace ba sam, fatar da aka ja da ƙarfi zata buɗe masa gaɓoɓi cikin wata kaɗan.

Anan ne nake so in daɗe, maganar bushewa. Yawancin katakon da ake kawowa daga kudu ɗanye yake zuwa ko rabin bushewa, ka haɗa kujera dashi a damina tayi kyau, hunturu na shigowa iska ta zuƙe ruwan cikinsa sai ya tsuke, gaɓoɓi su saki, faffaɗan hannun nan ya lanƙwashe ko ya tsage daga baki. Idan kana da na'urar auna danshi ka nemi kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari, mu a arewa gara ma ka karkata ƙasa. Idan baka da ita, yanki guntu daga jikin katakon ka auna nauyinsa a sikeli ka rubuta, duk sati ka sake, ranar da nauyin ya daina raguwa sati biyu uku a jere toh ya daidaita da iskar wajen. Ka jera katakon a inuwa ba a rana ba, ka sa ƙananan sanduna tsakanin kowane layi iska ta ratsa, ka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, ka shafa fenti ko kakin zuma a bakunan biyu dan kar su riga tsakiya bushewa su tsage. Kuma ka fara yanka guntayen da ɗan rara, ka barsu sati ɗaya ko biyu su gama motsinsu, sannan ka kai su awon ƙarshe.

Wajen zaɓe ka duba jijiyar katakon ta tafi a miƙe tun daga wannan bakin har wancan, musamman na ƙafafu da sandunan gefe da zasu ɗauki nauyi. Mai ƙulli ko mai farin gefe ka ajiye shi gefe. Hannuwan biyu ka fitar dasu daga katako ɗaya dan launi da zanen jikinsu su zo ɗaya, sune abin da ido yake fara sauka akai.

Mataki na uku: yanka da gaɓoɓi

Abin da kake buƙata: ƙafafu huɗu, sandunan gefe biyu da fatar mazauni zata zagaye, sanduna na gicciye gaba da baya da zasu hana ɓangarorin biyu haɗewa idan fata ta ja, sandunan majingina biyu, sai hannuwa biyu masu faɗi. Ƙafa mai kaurin kamar santimita 4 da faɗin 5 ta wadatar a itace mai ƙarfi. Faɗin hannu ka bashi 12 zuwa 14, Mogensen ya yi shi da faɗi ne da gangan dan a ɗora kofi akai ba sai an kawo ƙaramin tebur ba.

Ƙusa bata da aiki a wannan kujerar. Haɗin harshe da rami ake yi, ka fafe rami a jikin ƙafa ka fitar da harshe a bakin sanda ya shige ciki. Kaurin harshen ya zama kashi ɗaya cikin uku na kaurin sandar, tsayinsa kuma ya shiga aƙalla santimita 3, in da hali fiye. Ka fara fafe ramin tukuna sannan ka gyara harshen ya dace dashi, rage harshe yafi sauƙi akan cike rami. Yadda zaka gane yayi daidai, ya shiga da turin hannu da ɗan bugu kaɗan, kuma idan ka ɗaga ƙafar sandar bata faɗo da kanta ba. Wanda sai an yi masa dukan guduma zai fasa ƙafar, wanda yake lilo kuma gam bazai cece shi ba.

Inda aikin yake da ɗan wuya shine sandunan gefe, tunda a gangare suke kafaɗar harshen ba a miƙe zata fito ba, da kusurwa zata zo. Kar ka yi lissafi da ka, ɗora sandar akan babban zanen nan naka ka ɗauki layin kai tsaye, kuma ka yi wa na dama da na hagu alama tare a lokaci ɗaya. Sandunan gicciye kuma ka sauke su ƙasa da inda fata zata lotsa, aƙalla santimita 6 zuwa 8 ƙasa da mazaunin, na baya ma haka, in ba haka ba ranar da fatar ta saki mutum zai zauna ya ji katako a ƙasansa.

Hannun mai faɗi yana buɗewa yana tsukewa da yanayi, saboda haka kar ka manne shi da gam a duk faɗinsa akan wani katako da jijiyarsa ta gitta. Ka fitar da harshe daga kan ƙafa ya shiga ƙasan hannun ya riƙe shi a wuri ɗaya, sauran faɗin a barshi yayi motsinsa.

Mataki na huɗu: goge baki da haɗawa

Duk bakin da fata zata zagaya sai ka mulmule shi sosai, baki mai kaifi yana cin fata a hankali har ya yanke ta. Sauran gefunan ma ka kashe musu kaifi, musamman gaban hannu inda tafin mutum yake sauka. Ka yi sanfefa kafin haɗawa, mai lamba 80 sai 120 sai 180 ka ƙare da 240, kullum ka bi jijiya kar ka gitta. Ka rufe ido ka shafa da hannu, yatsa yana gano abin da ido ya tsallake.

Haɗa duka babu gam tukuna ka dube ta a ƙasa mai shimfiɗe daidai. Idan komai ya zauna sai ka fara manne gefen dama shi kaɗai, na hagu shi kaɗai, ka matse su da kilam su kwana, washegari ka haɗa su da sandunan gicciye. Auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye, awon biyun su zo ɗaya, idan basu zo ba ka gyara tun gam bai kama ba. Idan tik ko iroko kake aiki dashi ka tuna suna da maiƙo a jiki, ka goge harshe da rami da tina ko asiton dab da shafa gam. Tik kuma yana dakusar da kaifi da wuri, ka ajiye dutsen wasa kusa. Gam da ya tsatso ka share shi tas, inda ya bushe mai bazai shiga ba sai tabo.

Mataki na biyar: mai, ba banish ba

Ina roƙon kafintocinmu anan, kar a zuba wa wannan kujerar banish mai ƙyalli. Mutanen Denmak mai suke shafawa, wani lokacin ma ruwan sabulu zalla akan oak dan ya zauna da farinsa, amma sabulun na fararen itatuwa ne, namu masu duhu mai ya fi musu. Man linsid dafaffe ko wanda ake sayarwa da sunan man tik, ka shafa da tsumma ka bari kamar minti 20 ka goge rarar tas har sai ya daina danƙo, ka bari ya kwana, ka bi da sanfefa mai laushi sosai ka sake, sau uku ya isa. Sannan ka bar shi sati guda kafin fata ta hau dan kar mai ya shiga jikinta. Tsumman da ka yi aikin man linsid dashi kar ka dunƙule shi ka jefa a kwana, yana iya kama wuta da kansa, shanya shi a waje ko ka tsoma a ruwa.

Mataki na shida: fata

Nan aikin baduku ne, kuma gara ka shigo dashi tun farko. Wani abin da yake min daɗi a tarihin nan, fatar akuyarmu ta je Denmak tun da daɗewa, Klint da wasu bayansa sun rufe kujeru da abin da suke kira fatar Neja, wato jar fatar akuya irin ta ƙasar Sakkwato da majema suke jemewa da bagaruwa, har yau idan tsohuwar kujera ta fito gwanjo da wannan fatar ta asali a jikinta sai an rubuta a bayaninta. Sai dai ita fatar akuya siririya ce, ta rufe kushin ce ko hannu, bazata ɗauki nauyin mutum a rataye ba. Wannan kujerar ƙirgi take so, fatar sa mai kaurin milimita 3 da rabi zuwa 4, wadda aka jeme da sinadarin itace kamar bagaruwa, irin wadda ake sirdi da ita. Mai laushin nan ta jaka da takalmi da aka jeme da sinadarin kamfani tana miƙewa da yawa, ledar roba mai kama da fata kuwa kar ma a kawo ta.

Ka duba fatar da kanka. Lanƙwasa ta ka gani ko fuskar zata tsattsage, idan ta tsage ta bushe da yawa ko jimar bata yi ba. Yanki bakinta ka duba tsakiya, launin ya zama ɗaya har ciki, idan akwai farin layi ɗanye a tsakiya jima bata ratsa ba kuma zata yi wari da damina. Ɓangaren gadon baya shine mai ƙarfi, daga nan zaka fitar da mazauni da majingina, na ciki yana da saki, ka barshi. Kuma ka shimfiɗa fatalin, wato samfurin kwalin da zaka bi ka yanka fatar, yadda jan da za'a yi daga dama zuwa hagu zai bi tsawon gadon bayan, ta nan fata ta fi ƙin miƙewa.

Fitar da fatali da kwali akan kujerar kanta. Fatar mazauni zata hau kan sandunan gefe ta zagayo ƙasa, daga kowane ɓangare ka bar harsuna kamar na bel, uku ko huɗu, masu faɗin santimita 4 zuwa 5, na wannan gefen ɗauke da bakul na wancan da huji, su haɗu a ƙasan mazaunin. Majingina ma haka, ta zagaye sandunanta biyu a ɗaure ta baya. Duk inda harshe ya rabu da jikin fatar ko inda ka yanke dan kauce wa ƙafa, kar ka bar kusurwa mai tsini, ka zagaye ta, daga tsini yagewa take farawa. Huji ka yi su da madoshi, tsakaninsu santimita 2, kuma ka bar guda uku ko huɗu na gaba da ba'a kai gare su ba tukuna, nan gaba za'a buƙace su. Wannan shine hikimar kujerar gaba ɗaya, Mogensen ya san fata dole ta saki, sai ya bar wa mai ita hanyar ƙara ɗaurewa da kansa kamar yadda ake ƙara wa doki majanyi.

Bakul da rifit su zama na tagulla. Baƙin ƙarfe idan ya haɗu da danshi da fatar bagaruwa baƙin tabo yake bari wanda baya fita, banda tsatsa. Ɗinki da hannu, zare mai kaki, allura biyu suna gittawa ta huji ɗaya, irin wannan ko zare ɗaya ya tsinke sauran basa warwarewa. Idan ƙirgin da ka samu bai kai kauri ba ka haɗa biyu baya da baya ka ɗinke gefe. Bakin fatar kuma a rage masa kaifi, a ɗan jiƙa shi a murza da guntun katako mai santsi da kakin zuma har yayi sheƙi, wannan ƙaramin aikin ne yake raba ta da kujerar kasuwa.

Launi, ni na fi son a barta da launinta na jima, da shekaru zata yi duhu ta koma ruwan zuma inda jiki yake gogarta. Idan mai ita yana son ja ko baƙi a rina kafin a ɗinka, kuma a gwada da farin tsumma mai ɗan danshi a ga ko yana zuba, kar a ɓata wa mutane fararen kaya ranar Juma'a.

Mataki na bakwai: ɗaurewa da kulawa

Ɗaura fatar a bushe, kar ka jiƙa ta dan ta miƙe. Fara da bel na tsakiya sannan na gefe, kana ja kaɗan kaɗan kana zagayawa har ko'ina ya ɗauki ja iri ɗaya, idan ka danna tsakiya da tafin hannu ta ɗan lotsa kaɗan kawai. Satin farko zata yi tauri, ka faɗa wa mai ita tun kafin ya ɗauka dan kar ya zaci kuskure ne. Bayan wata ɗaya ko biyu ana zama sai a kifa ta a ƙara jan kowane bel zuwa huji na gaba.

A ajiye ta nesa da taga mai rana da kuma bakin iskar AC. Da hunturu a share ƙura da busasshen tsumma akai akai, a shafa mata man fata marar launi siriri sau ɗaya kafin iskar ta tsananta, ba man gyaɗa ba ba man ja ba, kuma kar a cika, mai da yawa yana sa fata ta yi laushi ta saki. Da damina a janye ta daga jikin bango iska ta dinga ratsa bayanta saboda fumfuna, idan ruwa ya zube akai a tsane shi da tsumma a barta ta bushe a inuwa. Katakon kuma sau ɗaya a shekara ka kwance bakul ka cire fatar gaba ɗaya ka sake masa mai.

Idan sayarwa zaka yi, ka sa sunanka da na badukun da kuka yi aikin tare a ƙasan hannu, ka ce kujera ce da aka yi akan salon Denmak, kar ka buga sunan Mogensen ko na Fredericia a jiki. Wajen yanka kuɗi kuma ka lissafa fatar daban, domin kujera ɗaya tana iya cinye maka mafi kyawun ɓangaren ƙirgi guda, kuma ragowar cikin da ya saura ba kujera zai shiga ba sai dai ƙananan kaya.